Warin da Yake Bin Agogo

Masu turo mini saƙo kuna tambayar yadda aka yi ni da na rantse ba zan yi zancen aure a shekarar dawowata ba, ga shi har an gwada ƙafar wani a falonmu, ga amsarku. Ban iya kwalliyar zance ba. Shekara shida na yi karatu a ƙasar da in ka tambayi mutum lafiyarsa sau biyu sai ya ɗauka wani abu kake nema a wurinsa. Ku karɓe shi yadda ya zo.

Zan fara da laifina.

Ranar da na dawo, Umma ta rungume ni a ƙofar falo tana kuka. Akwatina ma ba a shigo da shi ba. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne:

"Umma, mene ne yake wari a gidan nan?"

Na ji hannunta ya saki bayana.

Gwaggo, yayar Baba, tana kan doguwar kujera da mayafinta mai ruwan goro a kafaɗa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan takalmin gudun da ke ƙafata.

"To fa. Baƙuwa ta iso. Har hancin aka canza mata a can."

Tun ranar sunan ya manne mini. Baba kaɗai bai ɗauka ba. Shi Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Gidanmu ɗaki uku ne da falo da kicin. Shagon Baba yana gaba, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa cikin gida. Shekara arba'in yana ɗinka takalma. A cikin warin fata da gam na tashi, don haka na san ba su ba ne. Ba soyayyar albasa ba ce. Ba turare ba ne, ko da yake turaren ma ya zama abin da ya zama. A da Umma sau ɗaya take sa garwashi a kasko, da yamma. Yanzu kasko uku ne, tun safe har faɗuwar rana, labule ya yi duhu, silin ya yi tabo, ita kanta tana tari in ta tashi. A ƙarƙashin hayaƙin kuwa akwai wani abu mai nauyi, kamar naman da aka manta a firij bayan an ɗauke wuta.

Zanen gine-gine na karanta, sai na ɗora wa ginin laifi. Na zuba tafasasshen ruwa a magudanar kicin. Na ja kujeru ina neman mushen ɓera. Na wanke labule sau biyu. In na buɗe taga Umma ta rufe, in na sake buɗewa ta ƙara garwashi. Sati bakwai muna haka.

Sai zancen Mai Sanyi ya taso.

Gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa, shi ya sa duk unguwa haka ake kiransa. Shagonsa layi biyu ne daga namu. Lokacin da nake can, Baba bai iya kiran bidiyo ba, shi yake zuwa ya riƙe masa waya. Baba ya yi minti uku ya ce aiki na jiransa, ya bar mu a kan layi. Minti ukun nan suka zama ashirin, ashirin suka zama shekara biyu. Da na dawo ba ya gari, yana wani aikin kwangila mai nisa. Satin da ya dawo, Gwaggo ta zo da shirinta.

"Asabar mai zuwa iyayensa za su zo."

"Gwaggo, na ce a ba ni lokaci."

"Lokacin me? Shekara shida bai ishe ki ba? Ko sai kin zana mijin da kanki?"

Na dubi Umma, ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zaninta.

"Babanki ne ya sa ranar," in ji ta.

Wannan ya ba ni mamaki. Baba mutum ne da zai yi kwana uku yana juya fata a hannu kafin ya sa mata wuƙa. Bai taɓa gaggawar komai ba. Amma ban tsaya tunani ba, haushi nake ji, sai na faɗi magana ta biyu da nake kunyarta har yau.

"Ba wanda zai shigo gidan nan yana wannan warin. Ba zan zauna ana toshe hanci a gabana ba."

Na ji ƙofar shago ta rufu a hankali. Ashe yana tsaye a wurin.

Da yamma na rubuta wa Mai Sanyi.

"Kana da na'urar tace iska?"

"Akwai guda. Ta wa?"

"Ta gidanmu."

"Ƙura ko wari?"

"Wari."

"Mai gawayi kike so ke nan. Gobe da hantsi."

Ranar Litinin ya kawo ta a kafaɗa, sanye da rigar aikinsa mai ruwan bula wadda aljihunta ya gaji da sukundireba. Na'urar fara ce, tsayinta ya kai gwiwata, kamar bokiti mai ramuka. Ya durƙusa ya gaida Umma da Gwaggo, sannan ya buɗe bayanta ya zaro matatar, ya yage ledar da ke jikinta.

"Rabin masu cewa ba ta aiki, ledar nan ce ba su cire ba," ya ce. "Kin ga farin nan mai ninki? Shi yake kama ƙura da hayaƙi. Baƙin nan gawayi ne a ciki, shi yake shan wari. Kada a manna ta da bango, a ba ta taki biyu ta sha iska. In tana aiki a rufe taga. Fitilar in ta yi shuɗi, iska ta yi kyau. In ta yi ja, tana fama."

"Shi ke nan?"

"Saura ɗaya. Abin da ke cikin iska take sha. Ba ta zuwa inda yake fitowa."

Baba ya shigo daga shago, yana dafa bango. Mai Sanyi ya durƙusa ya miƙa hannu biyu. Na ga murmushinsa ya tsaya. Idonsa ya sauka ƙasa ya daɗe a can. Na ɗauka kunyar suruki ce.

Bayan azahar na fita kai takarduna wani ofis. Da na dawo na tarar da na'urar a lungu, manne da bango, an lulluɓe ta da ƙyallen saƙar kwarashi irin wanda ke kan talabijin, an ɗora mata tulun furannin roba. Tana nishi a ƙasa kamar akuyar da aka ɗaure. A gabanta kasko yana ta hayaƙi.

"Umma!"

"Abu mai tsada a bar shi tsirara ƙura ta ci?"

"Ƙurar ce abincinta. Kaskon fa?"

"Na ga tana hura iska, na ce ta raba mana ƙamshin."

Na ɗaga ƙyallen. Fitilar ta yi jawur.

Gwaggo ta leƙo. "Ga ta can ta yi jan ido. Halin uwar ɗakinta ta ɗauko."

Na ɗauki hoto na tura masa. Ya turo fuskar dariya guda uku. Bayan minti biyar wani saƙon ya shigo, wannan babu dariya.

"Ki roƙi Umma kwana uku ba turare. Ki samu takarda, duk sanda warin ya dawo ki rubuta lokacin. Da wanda yake ɗakin."

"Wanda yake ɗakin kuma?"

"Ki dai rubuta."

Da na gaya wa Umma, na zaci faɗa za ta yi. Ba ta yi ba. Tsoro na gani a fuskarta, ban kuwa gane ba.

"Kwana uku? Sai dai ki tambayi Babanki."

Na same shi yana huda fata da basilla. Bai ɗago ba.

"A bar Uwata ta yi iliminta," ya ce.

Gaskiya ɗaya, na'urar ta yi aikinta. Talata kafin azahar hayaƙin sati bakwai ya bar falon. Umma ta soya albasa, cikin rabin awa kamar ba a yi ba. Laraba ta tashi ba tari. Gwaggo ta shigo ta ja numfashi, ta sake ja, ta ce, "Ba laifi," wanda a bakinta ya fi lambar yabo. Fitilar ta zauna a shuɗi. Na fara jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa.

Amma abin nan mai nauyi bai tafi ba. Sai ma ya fito fili, tunda babu abin da zai ɓuya a bayansa. Ya zo, na'urar ta sha shi, ya sake zuwa. Ina rubutawa a bayan wata tsohuwar takardar zane.

Talata, biyu saura kwata: wari. Biyu da rabi ya tafi. Huɗu da kwata: kaɗan. Shida da rabi: wari.

Laraba, biyu saura ashirin. Huɗu da minti goma. Shida da rabi.

Alhamis da rana na zauna da takardar a kan gwiwa. Magudana ba ta san agogo ba. Mushen ɓera ba ya tafiya ya dawo. Na bi layin gefe, inda na rubuta waɗanda ke ɗakin. Wani lokaci Umma, wani lokaci Gwaggo, wani lokaci ni. Mutum ɗaya ne bai taɓa fashi ba. Biyu saura, abincin rana. Huɗu da 'yan mintuna, shayi. Shida da rabi, rufe shago.

Na tashi na je bakin ƙofar falo inda ake cire takalma. Na Baba yana nan, baƙi, rufaffe, ɗinkin hannunsa. Na ɗaga su biyun na haɗa. Na hagu ya fi na dama faɗi da yatsa biyu. Zaren sabo ne. Na sa hannu ciki, an ƙwaƙule fatar ta wajen yatsu an cika da auduga.

Sai komai ya jeru a gabana. Safar da yake sawa cikin wannan zafin, shi da a da yake cewa safa ta masu ofis ce. Alwala a ɗaki, ƙofa a rufe. Masallacin ƙarshen layi da ya daina takawa, wai gwiwa. Dafa bango.

Na ja mayafi a kan doguwar rigar da nake aikin gida da ita, ban ko duba madubi ba.

Na sami Mai Sanyi a shagonsa, rabin jikinsa cikin wani firij. Na ajiye masa takardar a kan benci.

"Ka sani."

Ya fito yana goge hannu. Bai kalli takardar ba.

"Tun Litinin."

"Ta yaya?"

"Mahaifiyata. Ciwon suga, gyambo a dunduniya. Wata takwas ni nake wanke mata. Hanci ba ya manta wannan." Ya ninke tsumman. "Mun yi jinkiri. Daga gwiwa aka cire."

Na san tana ɗingishi. Ban taɓa tambaya ba.

"Kwana uku ka sa ni rubutu kamar 'yar firamare, ubana yana ruɓewa?"

"Talata da safe na same shi a shago. Na ce Baba, ƙafar nan tana son likita. Ya ce in na sake tayar da zancen, ko na gaya miki, in ce wa iyayena su yi zamansu." Ya dube ni. "Ni zai iya korata. Ke ba zai iya ba. Ban gaya miki ba, hancinki ne ya gaya miki."

"Da ban gane ba fa?"

"Zuwa la'asar ɗin yau na ba ki. Da kin wuce haka zan zo in faɗa a tsakiyar falo, in an kore ni an kore ni." Ya nuna waje da haɓa. "Ga motar maƙwabcina can, tun safe na karɓi makulli. Na yi magana da asibitin da suka duba mahaifiyata, suna karɓa har biyar."

Na so in ci gaba da faɗa. Na duba, babu inda zan kama.

"Kawo motar ƙofar shago," na ce. "Kada ka shigo."

Umma tana kicin tana tsince shinkafa. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Tun yaushe?"

Ba ta tambaye ni me ba. Ta ajiye farantin.

"Wata huɗu. Ƙusa ya taka a shago, bai ma ji ba, sai da na ga jini a tabarma. Ya sa na rantse."

"Turaren nan duk..."

"Me kike so in yi? Mijina ne. Ya hana ni faɗa, ya hana ni kiran likita. Abin da na iya ke nan, in rufa masa asiri da hayaƙi." Ta share ido da gefen ɗankwalinta. "Ranar da kika dawo kika yi maganar nan, bai ci abinci ba. Washegari ya ce in ƙara kasko."

A can inda na yi karatu an koya mini cewa faɗin gaskiya kai tsaye mutunci ne. Ba wanda ya koya mini in fara duba wanda zai ji ta.

Baba yana kan ɗan bencinsa, ƙafar hagu a miƙe ƙarƙashin tebur. Na rufe ƙofar titi. Na jawo kujerar masu gwaji na zauna a gabansa.

"Baba, cire safar."

Basillar ta tsaya.

"Yaron nan ne ya gaya miki."

"Bai gaya mini ba. Takalminka ne."

Ya yi wani ɗan murmushi, irin na mai sana'ar da aka kama aikinsa. "Na zaci na ɓoye ɗinkin."

"Cire safar."

"Ba a ba uba umarni."

"Kai ka ce ni uwarka ce."

Ya ajiye basillar. A titi wani mai babur yana ta hon.

"Bayan Asabar," ya ce. "Uwata, saurara. In na shiga wurin nan yanke ta za su yi. Abokina mai walda da ƙafarsa ya shiga, a kan keken guragu aka fito da shi. 'Ya ɗaya gare ni. Ina so mutanen nan su zo su same ni a tsaye, in tarbe su a ƙofa, in raka su har mota. Bayan nan su yanke har wuya in suna so."

Sai a lokacin na gane gaggawar. Ba ni yake turawa ba. Ƙafar yake tsere da ita.

"Babu Asabar," na ce.

"An riga an sa rana."

"Ni ake zuwa nema. Na ce babu Asabar, babu Lahadi, sai likita ya ga ƙafar nan. In ka ƙi, wallahi su zo su tarar ba na gida."

"Za ki kunyata ni?"

"Na riga na yi sau biyu. Wannan karon aƙalla da dalili."

Na sauko daga kujerar na durƙusa. Na kai hannu. Ya ja ƙafar, sannan ya bari. Na naɗe safar a hankali, na warware tsumman da ke ƙasa.

Ba zan kwatanta muku ba. Abin da zan ce kawai, ban kawar da kai ba, ban riƙe numfashi ba. Ban iya ba da haƙuri da baki ba, wannan ne na iya. Ina jin ya gane, don ya ɗora tafinsa a kaina, mai kaushi da warin gam, ya ce:

"Ɗauko mini hulata."

Likitar mace ce, gajeriya, ba ta da yawan magana, na ji daɗinta. Ta duba, ta sa aka auna sugan, ta dube mu ta saman tabarau.

"Wa ya kawo shi?"

Na nuna Mai Sanyi da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Ku gode masa. Da an ƙara sati, ba zancen yatsu za mu yi ba."

Yatsu biyu aka cire, ƙaramin da na kusa da shi. Ƙafar ta tsira.

Kwana goma sha biyu ya yi a kwance. Uku na farko bai yi wa kowa magana ba, ya juya fuska bango. Asabar ɗin da aka sa ta zo, muna zaune ni da Umma, sai muka ji ƙwas, ƙwas a baranda. Mahaifiyar Mai Sanyi ta shigo da sanda, mayafi fari tas, shi yana bayanta da kwandon lemo. Baba ya yi ƙoƙarin jan bargo ya rufe ƙafar.

"Bar shi, Malam, ba neman aure na zo ba, dubiya na zo," in ji ta. Ta zauna, ta leƙa bandejin. "Nawa suka ɗauka?"

Baba ya ɗaga yatsu biyu.

"Biyu? Biyu kake wa wannan kumburin?" Ta ɗaga sandarta ta ƙwanƙwasa ƙaurinta, ya yi ƙara kamar ƙofa. "Ni da na ba su har gwiwa, washegari na nemi shayi. Ka tashi ka warke, shekara biyar ina neman wanda zai yi wa wannan katakon takalmin kirki."

Baba ya dubi ƙafar tata da idon sana'a. Ya daɗe.

"Wanda ya yi miki wannan bai san aikinsa ba," ya ce. "Dunduniyar ta yi tsayi."

Daga nan aka samu bakinsa.

Yanzu sati uku da sallamo shi. Na'urar ta koma ɗakinsa. In ma'aikaciyar jinya ta zo wanki da safe, mu buɗe taga, in ta gama mu rufe mu kunna. Kullum abin da take sha yana raguwa, don tushen yana warkewa. Mai Sanyi ya canza matatar, tsohuwar ta fito baƙa ƙirin, ya nuna wa Umma.

"Duk wannan a ƙirjina yake shiga?" ta ce.

Kasko ya koma ɗaya, da yamma, nesa da na'urar. Ƙyallen kwarashin bai tafi ba, ta shimfiɗa mata shi a ƙasa, wai kada sanyin siminti ya kama ta. Na bar shi a wurin. Ina koyo. Gwaggo kuma ta ja Mai Sanyi gefe tana tambaya ko akwai ƙaramarta, saboda kajin da take kiwo a bayan ɗakinta. Ya ce akwai, amma sai an fara share akurkin. Ta ce, "Kai ma ka fara irin bakin Baƙuwa."

Ban ce masa na gode ba. Na rubuta sau huɗu na goge. Kalmar ta yi mini ƙanƙanta.

Jiya da la'asar ya zo duba Baba. Muna falo duka, Baba a kan kujera ƙafarsa bisa matashi, Umma, Gwaggo, ni da farar rigar da Umma ta matsa sai na sa. Baba ya ce a miƙo masa kwali da fensir daga shago, da ƙunshin da ke saman durowa.

Ku da ba ku san shi ba, bari in gaya muku. Baba ya yi wa rabin garin nan takalma, amma daga ma'auni yake yi, mutum ya faɗi lambarsa. Bai taɓa zana ƙafar kowa a kwali ba sai ta mutanen gidansa. Kwalaye uku ne a durowar: na Umma, na Gwaggo, da nawa tun ina shekara biyu, ɗaya bisa ɗaya.

"Cire takalminka," ya ce wa Mai Sanyi.

Ya cire. Safarsa ta dama ta huje, babban yatsa yana leƙe. Gwaggo ta yi tsaki mai daɗi. Ya taka kwalin, ya matso da shi kusa da kujera, Baba ya sunkuya ya zagaye ƙafar da fensir, a hankali, har ya haɗe layin. Sannan ya kwance ƙunshin. Fata ce ruwan ƙasa mai laushi, wadda na sani tun kafin in tafi, yana cewa ba ta sayarwa ba ce. Ya shimfiɗa ta a cinya, ya ɗora kwalin, ya ɗauki wuƙa.

Bai yanka ba. Ya dube ni.

"Wancan karon ban tambaye ki ba. Ƙafata nake ji, ba ke ba. Yanzu ba abin da yake korata." Ya shafa fatar. "In an yanka ba ta komawa, Uwata. Aikin zai ɗauke ni wata biyu, don a tsaye nake so in miƙa masa. In yanka, ko in naɗe?"

Ta ƙofar ɗakin Baba ina hango fitilar, shuɗi. Gwaggo ta buɗe baki, Umma ta dafe mata gwiwa.

Na tashi na karɓi wuƙar daga hannunsa. Na gwada bakinta a farcena.

"Ta dakushe, Baba. Wata guda ba ta aiki. Za ta ɓata fatar."

Na shiga shago na ɗauko dutsen washi, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, na ɗiga ruwa, na fara wasawa yadda ya koya mini ina ƙarama.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Na ciro da hannu ɗaya. Mai Sanyi yana tsaye taku uku daga inda nake, yatsa a leƙe ta hujin safa, yana turo mini saƙo.

"Wannan eh ce ko a'a?"

Na goge yatsana a gefen riga na rubuta masa:

"Ka sayi safa."